Wankin da Na Kai Teku

Ni ban iya rubutu ba. Ko a takardar iƙama, wato ta izinin zama, ɗan yatsa nake dangwalawa. Matar ɗan ƙanena ce ke riƙe da alƙalami, ita ta yi boko, kuma na gaya mata abin da na faɗa shi za ta sa, kada ta gyara ni don in fito da hankali. Tun da maigidana ya rasu ban iya ambatonsa da busasshen ido ba, na kuma daina jin kunyar hakan. Ina zaune a bene na uku a unguwar Safa ta Jidda, gidan 'yata, ina kuka da rana tsaka, wanda ya ga dama ya kalla.

Labarin rana ɗaya nake so in bayar, ranar da maigidana ya so ya kai ni wani tsibiri. Amma sai na fara da inda na fito, don a gane irin wautar, kada a ɗauka ta kowa ce.

Mu Hausawan Sudan ne. An haife ni a wani ƙauye a bakin kogin Nilu, kusa da Sinnar. A garinmu mace ba ta zuwa kogi hannu rabbana. Za ta tafi da ƙullin wanki a ka, ta dawo da tulun ruwa. Idan aka ga mace a bakin ruwa tana zaune kawai, ba wanki ba wanke-wanke, kafin ta iso gida an gama yanke mata hukunci: ko dai aljanu sun taɓa ta, ko akwai wanda take jira. Da wannan na girma, kuma ban taɓa tunanin akwai wata hanyar kallon ruwa ba.

Aikin hajji ya kawo mu, ni da maigidana. Muka yi, sai zama ya kama mu a Jidda kamar yadda ya kama mutane da yawa. Muka sami ɗaki na katako da kwano a kudancin gari, wajen Kurayyat. A lokacin famfo bai zo mana ba, sai saƙƙa, wato mai ga-ruwa, ya kawo a garwa biyu rataye da sanda. Ni kuwa wanki nake yi wa wasu gidaje uku a cikin tsohon gari: fararen tobunan maza, wato dogayen rigunansu, da mayafai, da zannuwan gado. Ruwan ɗauraya ba a zubar da shi, da shi ake jiƙa na gobe. Ni da na saba tsoma zane a kogi in bar ruwa ya yi mini rabin aiki, wannan abu ya daɗe yana ci mini rai.

Maigidana yana aiki wurin wani mutumin ƙasar Girka, ana ce masa Hawaja kamar yadda ake ce wa kowane Bature a nan. Sana'arsa kai wa manyan jirage kayan abinci, waɗanda ke tsayawa can nesa saboda duwatsun ƙarƙashin ruwa ba sa barin su matso gaɓa. Yana da ƙaramin jirgi mai inji, lanshi, fari mai shuɗin baki, maigidana ke tuƙa shi. Hawaja ɗan wani tsibiri ne a ƙasarsu, inda ya ce akwai lunguna masu farin rairayi da ba a isa gare su sai ta ruwa. Kewar gida ta dame shi. Don haka duk ranar da babu jirgi a tasha sai ya ɗauki matarsa, wadda ake kira Madam, maigidana ya tuƙa su suna bin gaɓa, lungu lungu, suna neman abin da ya yi kama da gida. A haka suka gano wani ɗan tsibiri a arewa, bayan bakin Abhur. Hawaja ya ce wannan ƙanen tsibirinsu ne.

Duk ranar da suka je can, maigidana ya dawo da labari a bakinsa. Ni ina guga, shi yana zuba. Rairayin fari ne kamar garin shinkafa. Ruwan kana ganin yatsun ƙafarka ko ya kai maka wuya. Tsuntsayen wurin ba su san tsoron mutum ba. Na tambaye shi, to su Hawaja me suke yi idan sun je? Ya ce zama. Na ce sai kuma me? Ya ce sai kallo. Na yi dariya har na kusa ƙona rigar mutane. Na ce mutum ya ƙona mai, ya ci rana, don ya je ya zauna, alhali ga tabarma a gida. Shi kuma ya ce ai wata rana zai kai ni, in zauna a inda Madam ke zama. Shekara bakwai yana faɗin haka, ina ce masa Allah ya kai mu, irin yadda ake ce wa yaro idan ya ce zai saya maka mota.

Wata Talata sai ga shi ya dawo kafin la'asar, abin da bai saba ba. Ya ce Hawaja zai koma ƙasarsu gaba ɗaya, ya sayar da lanshi ga wani dillalin kifi, ranar Asabar za a zo a ɗauka. Amma kafin nan ya ba shi ranar Alhamis cur, da mai, da takardar izinin masu gadin gaɓa, ya ce ya ɗauki iyalinsa ya kai ta tsibirin. Maigidana mutum ne mai nauyin baki a gaban mutane, amma ranar ya kasa zama wuri ɗaya.

"Jibi za ki ga tsibirin nan, Hajiya," ya ce. "Rana ɗaya ce, babu ta biyu."

Na ce to. A raina kuwa abu biyu ke yawo. Na farko kunya. Yaya zan ratsa unguwa, mace mai aure da 'ya, a ce ina za ta, a ce za ta bakin ruwa ta zauna? Maƙwabciyata, wata Bahaushiyar Gadarif ta can Sudan da muke katanga ɗaya, kirkinta ya kai, amma bakinta ya fi almakashi. Ita zan bar wa 'yata, don haka dole ta sani. Na biyu kuma, ina da tobu goma na gidan wani attajiri, uwargidansa ta ce ranar Juma'a da safe take son su.

Sai dabara ta zo mini, kuma wallahi a lokacin na ɗauka Allah ne ya buɗe mini ƙwaƙwalwa. Na san ruwan teku ba ya shawuwa, wannan kam na sani, ta kansa muka zo daga Sawakin. Amma na sha jin maigidana yana cewa da shi yake alwala a bakin aiki, malamai sun ce tsarkakakke ne. Na ce ruwan da ya isa a tsaya da shi gaban Ubangiji, shi ne zai kasa wanke rigar attajiri? Har na fara tausayin matan Jidda, Larabawansu da namu, da suke jiran saƙƙa alhali ga ruwa iyakar ganin ido a bayan gari. Na ce lalaci ne kawai da rashin wanda ya girma a kogi a cikinsu. Ni zan gwada, in dawo in koya wa unguwa. Ban shawarci kowa ba, don kada a riga ni.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba muka fita. Na ɗaure tobunan da sabulu da bula a cikin babban zane, na ɗora kwanon abinci a sama. Maigidana ya ɗaga ƙullin ya ji nauyi, ya tambaya ko duk unguwa na dafa wa. Na ce ai teku na sa yunwa. Shi kuwa ya sa jallabiyarsa ta Idi, don tuƙa jirgin da kullum yake tuƙawa da tsumma. A gaban lanshin ya shimfiɗa tabarma, ya kafa wata babbar laima mai ratsin ja da ya aro wurin Madam. Ya sayo halawa da gurasa mai zafi. A ƙarƙashin benci kuma ga garwa biyu na ruwan sha, shi da kansa ya cika su, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ya nuna mini su ya ce wannan doka ce: ba ya ƙetare duwatsu zuwa buɗaɗɗen teku sai da garwa guda ga kowane rai, domin inji na iya mutuwa, kuma a wannan zafin ƙishirwa ba ta jiran kwana biyu. Na gyaɗa kai. Da kunnena na ji, ba zan ce ban ji ba.

Abin da na gani a safiyar nan kaɗan ne, don hankalina na kan ƙullina, amma kaɗan ɗin bai bar ni ba har yau. Muka fita ta tsakanin manyan jiragen katako masu filafilai. Garin ya koma baya, dogayen gidajen nan masu tagogin katako suka zama ƙanana. Ruwan ya sauya launi sau uku: ruwan ƙasa, kore, sannan wani shuɗi da ban taɓa gani a jikin zane ba. Muka wuce bukkokin masunta na Ruwais. Daga nan babu kowa, sai gaɓa fara fat da gishiri, da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu a tsaye kamar masu jiran liman. Maigidana yana tuƙi da hannu ɗaya, yana nuni da ɗayan. Nan Madam ta tsinci wani dodon koɗi. Can kunkurun ruwa ke hawowa ya yi ƙwai. Ya rage gudu a kan wani wuri ya ce in leƙa. Na leƙa, na ga lambu a ƙarƙashin ruwa, ja da rawaya, kifaye na shawagi a ciki. Abin da na ce masa shi ne, ai wannan ruwan ya fi na garinmu tsabta. Ya ji daɗi, bai san da idon mai wanki nake kallo ba.

Da hantsi muka kai bakin Abhur, inda teku ya tsaga ƙasa ya shiga ciki kamar kogi. A kan tudu akwai ɗakin masu gadin gaɓa, dole a nuna musu takarda kafin a wuce arewa. Maigidana ya shigar da lanshin wani ɗan lungu a bayan tudun, inda idon maza ba zai kai gare ni ba, ya ɗaure. Ya ce in sha iska, ba zai daɗe ba, amma na san sojoji da shayi, ba a ƙi musu. Daga nan zuwa tsibiri, in ji shi, tafiyar awa biyu ce.

Lungun nan kamar don ni aka yi shi. Ga rairayi, ga ruwa iya gwiwa, ga wani faffaɗan dutse a baki. Yana ɓacewa bayan tudu na ɗaure zanena a ƙirji, na kwance ƙulli. Da na yi wayo, da ɗaya zan fara gwadawa. Amma ni gwana ce, gwana ba ta gwaji. Na tsoma duka goman.

Na goga sabulu, babu kumfa. Na ƙara gogawa, sai wani abu ya fito kamar nonon da ya tsinke, yana manne wa yadi, toka-toka. Na ce sabulun ne ya tsufa. Na ɗauki riga na buga a kan dutse yadda muke yi a gida. Ashe dutsen nan ba irin namu ba ne, duk haƙora ne. Bugu na uku hannun rigar ya yage. Na ajiye ta a ƙasan sauran kamar wadda za ta ɓoye wa Allah. Na ɗauraye ɗaya, na shanya a kan rairayi don in ga yadda za ta fito. Rana ba ta ɓata lokaci ba. Na ɗaga rigar, sai ta tashi a sanƙare kamar busasshiyar fata, da zane-zanen gishiri da sabulu a jikinta, ta fi yadda aka ba ni ita datti.

Na tuna fuskar uwargidan attajirin, mace ce mai shinshina riga kafin ta karɓa. Na waiga, idona ya sauka a kan jiƙaƙƙen buhun nan.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ban manta da dokar ba. Cewa na yi kofi biyu kawai, in ga ko tabon zai fita. Ya kuwa fita. Sabulu ya yi kumfa kamar yana mini dariya. Na ce to wannan rigar kaɗai, ta mai gidan ce. Daga ita sai ta babban ɗansa. Garwa ta farko ta yi rabi, na ce ai akwai ta biyu. Hannun mai wanki idan ya kama aiki ba ya shawara da kai. Ban dawo hayyacina ba sai da na karkata garwa ta biyu na ji ta yi ƙarar wofi. Abin da ya rage a gindinta ba zai cika buta ba. Tobu bakwai sun ɗan yi dama-dama, uku ko taɓa su da ruwan garwa ban yi ba.

A haka ya same ni. Na shanya riguna a kan rairayi, da gefen jirgi, har biyu a kan laimar Madam. Ya tsaya a kan tudu da takardarsa a hannu, ya daɗe yana kallo. Ya sauko a hankali. Bai dube ni ba, ya wuce wurin garwa, ya ɗaga ɗaya, ya ɗaga ɗayar, ya ajiye.

"Wanki kika zo yi?"

Da ya daka mini tsawa da na ji sauƙi. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, kamar mai tambayar hanya. Ni kuwa sai na shiga borin kunya. Na ce wane irin ruwa ne wannan da ba ya karɓar sabulu? Na ce shi da yake yini a kansa kullum me ya hana shi gaya mini? Na ce duk faɗinsa banza ne, rafin bayan gidanmu ya fi shi amfani. Na zagi teku tas, yana tsaye da jallabiyar Idi yana saurare. Da na gaji ya ce ai ban tambaye shi ba, shi ya ɗauka tuwo ne.

Na ce ya koma wurin sojojin ya roƙo mana. Ya ce motar ruwansu kwana biyu ba ta zo ba, shayin da suka ba shi ma daga gindin randa suka kwarfo. Na ce to mu tafi haka, awa biyu ce, ni ba mai yawan shan ruwa ba ce, zan daure. Har ga Allah a lokacin na fara son in je, don na ga abin da ke fuskarsa. Ya dubi arewa, ya dubi inji. Na ga yana aunawa, kuma na san da shi kaɗai ne da ya tafi.

"Akwai yarinya a gida," ya ce. "Halas, magana ta ƙare. Tattara."

Shi ya taya ni matse sauran. Ya ɗaura igiya daga sandar laima zuwa bayan jirgi, muka rataye rigunan don su ƙarasa bushewa a hanya. Muka ci gurasa da halawa a tsaye, halawa kuwa ba ta da aiki sai kiran ƙishirwa. Ya zuba mini rabin abin da ya rage, ya jiƙa leɓensa da kaɗan. Sannan ya juya kan lanshin zuwa kudu.

Na zauna a bayan jirgi a kan garwar wofi, na haɗe rai, kamar ni aka yi wa laifi. Muka yi tafiya mai nisa. Can ya ce in koma gaba in zauna a kan tabarma, ai laimar aro ce, gobe za a mayar, gara ta yi aikinta. Na ƙi. Ya sake faɗa. Na tashi ina gunaguni na ratsa ta ƙarƙashin rigunan attajiri na zauna.

Daga nan sai ya fara magana, ba tare da ya dube ni ba. Ya ce da yanzu mun hango shi, wani farin layi a kan ruwa. Ta yamma ake shiga, don gabas duwatsu ne. Ana kashe inji a bar jirgi ya sulala har cikinsa ya taɓa rairayi. Akwai wani tsohon katakon jirgi da ruwa ya kawo, a kansa Madam ke jingina. Ƙananan ƙaguwa farare na gudu a gefe, sai ka ce iska ke kaɗa auduga. Idan mutum ya zagaya tsibirin da ƙafa, kafin shayi ya tafasa ya dawo inda ya fara. Ya bi da ni wurin taku taku. Duk wannan na sha jin sa ina guga, amma ranar ce na fara saurare, ina zaune babu abin yi a hannuna, ruwa na wucewa. Na juya masa baya don kada ya ga fuskata.

Daidai Ruwais muka haɗu da wasu masunta da suka san shi. Suka ga lanshin Hawaja na tafe da fararen riguna goma na kaɗawa. Ɗaya ya miƙe a cikin kwale-kwalensa ya ɗaga murya da Larabci, ya ce ya Hajji, Hawaja ya kore ka ne ka buɗe shagon wanki a teku? Wani ya cire rigarsa yana kaɗawa, wai a karɓi tasa ma. Maigidana ya ce musu ai tasu sai dai a ƙona. Suka bushe da dariya, shi ma ya yi, dariyarsa ta farko tun hantsi. Ni na ja mayafi na rufe har hanci.

Kafin la'asar muna gida. Maƙwabciyata ta riga ta baza labari, mata biyar na tarar a tsakar gidanta suna jira. Ta ce yalla, a yi maza, Madam ta dawo, a ba ta kujera, ta ba mu labarin ƙasar Girka. Ta dubi ƙullin, ta dube ni, ta ce ya aka yi abincin ya dawo da nauyinsa? Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, don na san ko ban faɗa ba za ta tono. Sai na ji muryar maigidana daga bayan katanga, inda yake alwala, shi da bai taɓa sa baki a hirar mata ba.

"Hajiya, gaya musu farin rairayin nan. Da ƙaguwar da ta bi ki."

Na zauna a kan kujerar. Sannan na ce rairayin fari ne kamar garin shinkafa. Na ce ta yamma ake shiga. Na ba su katakon jirgin, na ba su tsuntsayen. Da na ga sun buɗe baki sai na ƙara gishiri, na ce ƙaguwar ta kama mini gefen zane. Ƙullin kuwa na ce shimfiɗun Madam ne aka ba ni in wanke. Maƙwabciyata ta ce wallahi wasu da sa'a aka haife su.

Rigunan sai da na kwana biyu a kansu, na aika wa uwargidan cewa zazzaɓi ne ya kama ni. Wadda ta yage na ɗinke ta da ƙaramin zare. Mako na zagayowa ta tare ni ta ce wane sabon sitaci nake sawa, mijinta ya yini yana susa a kanti. Na ce daga Masar aka kawo shi, ba zan ƙara saye ba.

Ranar Asabar aka ɗauki lanshi. Maigidana ya koma aikin ɗaukar kaya a tasha, daga baya ya sami gadi a wani sito a Mahjar. Bai sake riƙe sitiyarin jirgi ba. Ni kuwa na zama matar da ta je tsibiri. Duk biki, duk suna, sai an ce in bayar, kuma kowace shekara tsibirin na ƙara girma a bakina. Idan yana kusa sai ya gyara mini daga nesa, ya ce na manta tsuntsayen, ko ya ce ba ta gabas ba, ta yamma. Ko sau ɗaya, ko muna mu biyu, ko a tsakiyar faɗa, bai taɓa ambaton garwa biyun nan ba. Ni ma ban taɓa ba. Na yi ta cewa sai na sami lokacin da ya dace, kamar ba haƙuri wani aiki ne da ke buƙatar ranar hutu.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Wata rana bayan azahar, ina masa fifita, ya ce in ba shi labarin tsibirin nan. Na fara, yadda nake ba mata. Da na zo tsakiya na ce sai muka zauna a gindin wata bishiya. Ya buɗe ido ya ce babu bishiya a can, ko ciyawar kirki babu. Na ce akwai, ni da na zauna a inuwarta. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ɗaga shi na ba shi ruwa. Da ya lafa ya ce to, akwai.

Kofin na hannuna. Na ce, "Malam, ka yafe mini ruwan nan."

"Wane ruwa?" ya ce. "Ai mun je."

Kwana uku bayan nan aka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya shayar da shi daga tafkin Manzonsa. Matan da na ba labarin duk sun mutu suna ganin na je, har maƙwabciyata, wadda ta riƙe ni ranar da aka fita da shi. Ni dai na san ba mu je ba. Tafiyar awa biyu ta rage masa bayan shekara bakwai yana jira, ni kuma na juye ta a kan rigunan mutumin da ko fuskarsa ban taɓa gani ba.